Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu lodin wasanni da dillalan kayan gem na garin Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Gaisuwa da fatan alheri ga dattawan wannan sana'a da shugabanninta, Alhazai da iyayen gidanmu waɗanda a shagunansu muka koyi kwance na'ura da ɗaure ta, da ƙannenmu matasa da ke bakin tebur da kwamfuta suna yi wa jama'a lodi, daga Wunti zuwa Muda Lawal, daga Yelwa zuwa Gwallameji. Ya kasuwa? Ya haƙuri da wuta? Allah ya sa mu ga da kyau.

Ni mai gidan gem ne a cikin garin nan, shekara 14 ke nan. Na fara da PS2 guda biyu da talabijin mai ƙeya a zauren gidanmu, ina karɓar naira 20 a wasa. Yau, alhamdulillahi, allo shida gare ni da yara biyu masu taya ni. Duk abin da ke ɗakin nan, daga hannun gem zuwa igiyar wuta zuwa wasan da ke cikin na'ura, a wajenku na saye shi, saboda haka ba baƙo ne ke muku magana ba. Ina rubutu da yawun 'yan'uwana masu gidajen gem, mu 11 da muka zauna a kan wannan batu, da kuma yawun iyayen yara da ke kawo mana ƙorafi, domin mu suke gani kullum a unguwa, ku kuwa sai an shiga kasuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarar da kuka yanke a zamanku na bayan babbar Sallah. Kamar yadda labari ya iso mana, muka kuma gani da idonmu a kwalayen da aka liƙa a ƙofofin shaguna, abu biyu kuka tsayar. Na ɗaya, daga yanzu da yawan wasa za a riƙa yanke kuɗin lodi: wasa 50 kaza, wasa 200 kaza, a cika maka memori kaza. Na biyu, kayan da ya bar shago ya bar shi ke nan, ba canji ba mayarwa. Dalilin da aka kawo, in ji waɗanda suka halarta, wai 'yan yayi ne suka lalata kasuwa, mutanen da ba su san gem ba, ba su bambance mai kyau da maras kyau, araha kawai suke nema, in sun taɓa kwana biyu su jefar. Tunda yawa suke so, a ba su yawa.

Ban raina wahalar da ta kai ku ga haka ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, dala kuma ta yi tashin gwauron zabo har ta haura naira 1,500 a shekarar da ta biyo baya, kowa ya san abin da hannun PS4 guda ɗaya ya koma. Ni ma janareto nake tayarwa. Amma wannan shawara, ranku ya daɗe, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Bari in fara da maganar yawa. Kwanakin baya wani malamin firamare, maƙwabcina, ya shigo wajena bayan magariba riƙe da hannun ɗansa. Yaron ya yi saukar Alƙur'ani, uban ya yi masa alkawarin kyauta, ya tara abin da ya tara daga albashin da kun san yadda yake, ya shiga wani shago ya sayo masa 'yar na'urar nan ta riƙewa a hannu mai kama da waya. A jikin kwalin an rubuta wasa 10,000. Mai shagon ma abin da ya yi ta nanata masa ke nan: Malam, dubu goma fa, har ya yi aure bai gama su ba. Sun zo ne in nuna wa yaron yadda ake ajiye wasa a ci gaba gobe.

Muka zauna a benci mu uku. Yaron na latsawa ƙasa, ni ina duba sunaye. Lamba 12 wani ɗan mutum ne mai tsalle a kan bulo. Lamba 212 shi ne dai, an canza masa launin riga. Lamba 412 shi ne dai, sai dai an fara daga mataki na uku. Wasu in ka buɗe, rubutun Sinanci ne ko na Japan tun daga farko har ƙarshe, ba ka ma san inda za ka latsa ba. Wasu allo ya yi baƙi ƙirin sai an kashe an kunna. Wurin ajiyar da suka zo dominsa kuwa babu shi sam. Da muka gaji, muka ƙirga waɗanda suka bambanta da juna kuma suke tashi, ba su kai 40 ba. Yaron bai yi kuka ba, ya dai daina latsawa. Uban ya karɓi abin ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Ashe haka harkar take," ya ajiye shi a kan benci. Bai koma shagon ba, bai yi faɗa da kowa ba. Amma da na ce in an kwana biyu ya zo in raka shi ya sayi PS2 ta hannu mai lafiya, sai ya ce a'a, shi da gem haihata-haihata, kuma zai gaya wa 'yan'uwansa malamai kada su yi asarar kuɗinsu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Duk wanda ya tashi da gem na kaset ya tuna wanda aka rubuta wa 9999999 a cikin 1, alhali wasa bakwai ko takwas ne ke ta zagayowa. Sai dai a da daga masana'antar waje yaudarar take zuwa, ku ma cutarku aka yi. Yanzu da kuka ɗaura farashi a kan adadi, kun mayar da ita ƙa'idar kasuwa. Yaron da ke bakin tebur ba zai ɓata awa guda yana neman wasa mai kyau ya gwada shi ba, tunda wasa mai kyau guda ɗaya yana cin wurin tarkace 30 a memori, kuɗinsa kuwa na guda ɗaya ne. Mai gaskiya a cikinku shi zai fi kowa kwana a ciki.

Na biyu, abin da ake zubawa a wayoyin mutane. Ƙanwata ta ba da wayarta aka cika mata da wasannin yara, don 'ya'yanta su bar ta ta yi aikin gida. Rabinsu kwaikwayon sanannun wasanni ne, suna ya yi kama, hoto ya yi kama, cikin ba komai sai talla. Yaro ya yi minti ɗaya yana wasa, a tsayar da shi da tallan rabin minti. Datar mako ta ƙare a kwana biyu, wayar ta riƙa zafi tana maƙalewa. Wannan duk da sauƙi. Ranar da tallan caca da hoton mace rabi tsirara suka faɗo a gaban yarinya 'yar shekara 6, uban na zaune a gefe, a ranar aka goge komai, aka kuma kafa doka a gidan: ba gem, ba zuwa gidan gem. Har nawa gidan, ni da nake kawunsu. Irin waɗannan wasanni ba don a ji daɗinsu aka yi su ba. Mai su talla yake sayarwa, ana biyansa gwargwadon yawan idon da ya kalla, wasan ƙugiya ce kawai. Ni da ku mun san haka. Uwar yara ba ta sani ba, shi ya sa ta kawo muku wayar maimakon ta sauke da kanta.

Kun kuma san a garin nan ba a rasa masu yi wa gidan gem kallon matattarar zaman banza. Shekaru muka yi muna rufewa lokacin salla, muna korar yara masu kayan makaranta, kafin iyaye da masu unguwa su sakankance da mu. Hoto ɗaya irin wancan ya isa ya rushe wannan duka, kuma ba wanda zai tsaya bambance mai lodi da mai gidan gem. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Na uku, wanda kuma ya fi taɓa aljihunmu, dokar ba mayarwa. Mako biyu bayan zamanku na sayi hannu huɗu a wani shago, aka rantse mini na asali ne. Kwana 12, biyu daga ciki suka fara jan gefe. Wanda bai san harkar ba ba zai gane zafin abin ba: ka ajiye hannun a ƙasa ba ka taɓa komai ba, ɗan wasanka ya kama hanya shi kaɗai ya nufi tutar kwana. Ana tsakiyar wasa, musu ya yi zafi tsakanin ɗan Basa da ɗan Madrid, wanda aka ci ya ce hannu ne, ba zai biya ba, kuma gaskiyarsa. Na kwance ɗaya na duba cikinsa, ba abin da ya haɗa shi da na asali sai tambari. Da na mayar, da yatsa aka nuna mini kwalin da ke ƙofa.

Alhazai, a cikinku akwai waɗanda suka fi ni karatu nesa ba kusa ba. Kun san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya tura hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa mai saye na da damar mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Kwali a ƙofar shago ba ya shafe wannan. Ba mu ce kada a sayar da na ƙasa-ƙasa ba, akwai mai buƙatarsa. A dai gaya masa na ƙasa-ƙasa ne, a sayar masa a kuɗinsa.

Ga wanda ke ganin kukan mai gidan gem ne kawai da ya yi asarar hannu biyu, akwai inda aka taɓa bin wannan hanya har ƙarshenta. A Amurka, farkon shekarun 1980, kamfanin Atari ne sarkin gem na gida. A 1979 wasu ma'aikatansa suka fice suka kafa Activision, suka nuna cewa wani kamfani daban zai iya yin kaset ya sayar wa masu na'urar Atari. Su gwanaye ne, wasanninsu kuma masu kyau. Amma da aka ga akwai maiƙo, kowa ya faɗo. Kamfanin Quaker Oats, mai hatsin karin kumallon nan da muke gani a gwangwani, shi ma ya mallaki sashen yin gem. Wani kamfanin abincin karnuka ya sa aka yi masa wasa na talla. Ba mai tacewa, ba mai cewa wannan bai isa fita ba. Atari da kansa ya bi sahu. A 1982 ya biya maƙudan kuɗi ya sayi izinin yin wasa a kan shahararren fim ɗin nan E.T., sannan ya ba mutum ɗaya mako biyar da 'yan kwanaki ya gama shi don a riski cinikin Kirsimeti. Aka buga miliyoyin kaset. Iyaye suka saya saboda suna, yara suka kunna suka tarar ɗan abin sai faɗawa rami yake yi, kaset suka riƙa komawa shaguna.

Abin da ya biyo baya nake so ku duba da kyau, domin masu shago irinku ya fara ci. Kanta ta cika da kaset da ba mai so, ƙananan kamfanonin da suka yi su sun mutu, babu wanda za a mayar wa. Sai aka zube su a kwando, abin da ake sayarwa dala 30 ya koma dala 5. Uba ya shigo bai san bambanci ba, ga na dala 30 ga na dala 5, ya ɗauki na araha ya kai gida, yaro ya taɓa ya jefar. Wasa mai kyau ya kasa fita saboda tarkace ya karya masa farashi, mai saye kuma ya yanke cewa duk gem haka yake. A 1983 kaɗai Atari ya yi asarar fiye da dala miliyan 500. Cinikin gem na gida a ƙasar ya faɗo daga kusan dala biliyan 3 zuwa kusan dala miliyan 100 a 1985. A watan Satumban 1983 aka loda kaset da sauran kaya a manyan motoci aka binne su a bolar garin Alamogordo da ke jihar New Mexico. Mutane da yawa sun daɗe suna ɗaukar labarin almara, sai a 2014 aka tona aka same su. Gaskiya ne kwamfutocin gida ma sun yi araha a lokacin sun janye masu saye, amma kwamfuta ba ita ta sa uba ya daina yarda da mai shago ba.

Wanda ya tayar da kasuwar shi ne Nintendo na Japan, a 1985. Masu shaguna a birnin New York ko kalmar gem ba sa son ji, sai da kamfanin ya yi musu alkawarin duk abin da bai fita ba zai karɓi abinsa. Ya sa wani ɗan makulli a cikin na'urarsa, kaset ɗin da bai amince da shi ba ba zai tashi ba. Ya taƙaita wa kowane kamfani wasa 5 a shekara. Ya buga hatimi mai ruwan zinare a kwali. Hatimin bai hana a samu wasa maras daɗi ba, kuma kamfanin ya ci ribar wannan tsari son ransa, amma dai uba ya san abin da ya saya zai tashi. Tacewa, da karɓar kaya in an dawo da su: abu biyun da kuka zauna kuka soke ke nan.

Ko kasuwar duniya za ta sake irin wannan faɗuwa? A ganina da wuya, ko da yake tarkacen yau ya ninka na wancan zamani. A Steam kaɗai, dandalin sayar da wasannin kwamfuta a intanet, an fitar da sababbin wasanni fiye da 14,000 a 2023, bayan da aka buɗe ƙofa a 2017 cewa duk mai dala 100 zai iya kawo nasa. Manyan ma suna kwafsawa. Kowa a nan ya tuna yadda wasan ƙwallon nan eFootball 2022, magajin PES, ya fito a Satumban 2021 da fuskokin 'yan wasa a karkace, har Konami, kamfanin da ya yi shi, ya fito ya ba da haƙuri. Amma can mai saye yana da garkuwa. Kafin ya biya zai karanta abin da dubban mutane suka ce, ya kalli wasan a YouTube. Tun 2015 Steam yana mayar wa mutum kuɗinsa in bai wuce kwana 14 da saye ba kuma bai kai awa 2 yana bugawa ba. A Disambar 2020 Sony ya cire Cyberpunk 2077 daga shagonsa na intanet gaba ɗaya, duk girman wasan, ya mayar wa mutane kuɗi. Malamin firamaren nan fa? Ba ya bin waɗannan shafuka, ba shi da datar kallon bidiyo, ba shi da wurin kai ƙara. Garkuwarsa ɗaya ce, mutumin da ke bayan kanta. Tamu kasuwar 'yar ƙarama ce, kowa ya san kowa, in labari ya fita daga ɗakin malamai na makaranta ɗaya, kafin Juma'a ya zagaye unguwa uku.

Sai maganar 'yan yayi, wadda ita ta fi ba ni mamaki. Ku ƙirga da kanku. Gwanin gem na garin nan, ɗalibin jami'ar nan mai kwamfuta a jaka, yaushe rabon da ya zo teburinku? Ya san inda zai sauke, ya san yadda zai girka, in ma ya zo sai ya yi ciniki kamar mai sayen saniya a kara. Wanda ke ajiye muku kuɗi ba musu shi ne wanda bai sani ba: uba, uwa, amaryar da aka saya wa sabuwar waya, mai keken da ke son Ludo da ƙwallo ya rage zaman jiran fasinja. A gidana ma haka ne. Gwanaye ba su fi goma ba, su zo su mamaye allo ɗaya su yi ta gardama har a tashi. Kuɗin man janareto daga masu shigowa su buga wasa biyu su wuce yake fitowa.

Duniya ma a kansu take tsaye. Na'urar Wii da ta fito a 2006 ta sayu fiye da miliyan 100, domin tsoho da jika duk suna iya ɗaukar hannunta su kaɗa ba sai an koya musu ba. Kusan rabin kuɗin da gem ke samarwa a duniya yau daga waya yake fitowa. Mu kanmu da yawa da macijin Nokia muka fara, ba wanda aka haifa da hannun PS.

Abu ɗaya da zan ba ku gaskiya a kai shi ne ɗan yayi ba shi da riƙo. Wii ɗin nan, da tarkace ya cika mata kanta a ƙarshen zamaninta, magajiyarta Wii U ko miliyan 14 ba ta kai ba. Dalilan suna da yawa, amma babba a cikinsu shi ne mutanen sun koma waya ba su waiwayo ba. Gwani in ka cuce shi zai dawo ya yi maka masifa, gobe kuma ya sake saye, don ba ya iya rabuwa da abin. Ɗan yayi ba ya masifa. Yana da TikTok, yana da gidan kallon ƙwallo, yana da fim ɗin Hausa a waya, in ya juya ya juya ke nan. Ai irin wannan mutum lallaɓa shi ake yi. Masar Bauchi ta yi suna har matafiyi daga Jos ko Kano ke tsayawa ya yi tsaraba, kuma da yawa cikin masu sayen baƙi ne da ba su san hannun kowace mai masa ba. Da masu masa za su zauna su ce tunda baƙo bai san bambanci ba a rage shinkafa a ƙara yawa, shekara nawa kuke jin sunan zai yi?

Na san wani zai ce, kai mai wa'azin, wasannin da ke na'urorinka a ina ka sayi lasisinsu? Ban tsarkake kaina ba. Yawancin abin da ke yawo a kasuwarmu kwafi ne, kowa ya sani, tunda sabon babban wasa na asali dala 60 zuwa 70 ne, ku buga lissafinsa da naira. Wannan magana ce mai zaman kanta da ya kamata wata rana mu zauna a kanta. Amma ko a cikin kwafin akwai mai tashi akwai maras tashi, kuma mai lodi ya san kowanne.

Ga abin da muke roƙo.

Ku janye farashin adadi, a yanke kuɗin lodi a kan wasan da aka gwada. Duk wasan da za a ba mutum a buɗe shi a gabansa ya ga ya tashi, ko na minti ɗaya ne. Na'urar da aka rubuta wa 10,000 a gaya wa mai saye nawa ne na gaskiya a ciki, in ya ji ya gani ya saya, shi ke nan.

Ku cire kwalin nan daga ƙofa. A ba da kwana 7 a kan hannu da na'ura, a rubuta rasit mai kwanan wata, ko da biro ne a bayan kwali. In mai saye ne ya fasa ko ya jiƙa, wannan nasa ne, ba mu ce ku ɗauki asarar ganganci ba. A kuma raba kaya a kanta, na asali daban, na hannu daban, na kwaikwayo daban, kowanne da sunansa da kuɗinsa.

Wayar da aka ce muku yara za su riƙe, a sa mata wasannin da ke aiki ba sai da intanet ba, waɗanda wani babba a cikinku ya buga da kansa ya tabbatar ba caca ba tsiraici. Guda 10 masu kyau sun ishi yaro shekara. Wanda kuma aka kama yana rantsuwa a kan jabu, shugabanni su yi masa abin da kowace ƙungiyar kasuwa ke yi wa nata, gargaɗi, tara, in ya ƙi ji a cire shi. 'Yan waya da 'yan gwanjo ma suna yi, ba ku ne farau ba.

Mu ma ba hannu rabbana muka zo ba. Gidajenmu su ne wurin gwaji mafi sauƙi a garin nan. Wasan da yara 30 suka taɓa a yini ɗaya, kafin isha'i an san ko yana da daɗi. Hannun da ya jure bugu a wajenmu bai ja gefe ba zai daɗe a gidan mutum. Ku kawo mana sabon kaya mu gwada kyauta, duk ƙarshen wata mu rubuto muku abin da ya ci da abin da ya faɗi, da Hausa, ku liƙa a inda kwalin nan yake yanzu.

Muna neman ku sa mana rana kafin zamanku na gaba, mu zo mu uku ko huɗu mu yi magana baki da baki. 'Yar na'urar nan ta malamin tana aljihun teburina har yau, ya ce in yi abin da na ga dama da ita. Zan zo da ita da cajarta, duk mai shakka ya zauna ya ƙirga.

Allah ya yi wa kasuwa albarka. Wassalam.

Naku,
Mai gidan gem a cikin garin Bauchi,
a madadin 'yan'uwansa masu gidajen gem.